Gonar da ke Kawo Rabin Iri

Duk inda zancen haihuwa ya taso a ƙasar Hausa, ko a zauren dattawa ne ko a ɗakin mai jego, da wuya a watse ba a samu wanda ya ce mace gona ce, namiji kuwa shi ne mai iri ba. Misali ne na mutanen da suka tashi da fartanya a hannu, kuma akwai gaskiya a cikinsa fiye da yadda masu faɗarsa suke zato. Sai dai akwai inda ya gaza, kuma a daidai wurin nan ne ake ɗora wa mata laifin da ba nasu ba. Wadda ta shekara uku a ɗakin miji ko ɓatan wata ba ta yi ba, sai a ce ai gonar ce faƙo. Wadda ta jera 'ya'ya mata huɗu, sai dangin miji su fara raɗa cewa ƙasarta ba ta fid da maza. Ni ban ga dalilin yar da misalin gona ba. Abin da ya kamata shi ne a shiga gonar sosai, a bi ta kunya bayan kunya, domin ita da kanta tana gyara kuskuren.

A tsaya gaban masara lokacin da ta fara goyo. Can a ƙololuwarta akwai fure wanda in iska ta kaɗa shi yake zubar da wani gari rawaya mai laushi, bununi ke nan. A gefen kara kuma ga goyo ya fito da gemu, zare-zare masu santsi. Kowane zare yana tafiya ne kai tsaye zuwa gurbin ƙwaya ɗaya a jikin totuwa. Zaren da bununi ya sauka a kansa, gurbinsa zai cika. Wanda bai samu ba, in aka ɓare goyon da kaka za a tarar da giɓi a wurin. Masu dabino a Dutse da ƙasar Azbin sun fi kowa sanin wannan: bishiya namiji ba ta 'ya'ya, macen ma in ba a hau an sa mata furen namiji ba, 'ya'yanta ba sa yin kirki. Ke nan irin da manomi yake ɗiba a ƙwarya ranar shuka ɗan iyaye biyu ne tun asali. Abin da namiji yake kawowa wajen haihuwa ya fi kama da bununi. Rabi ne. Ɗaya rabin yana jikin mace, a ajiye, tun kafin a haife ta.

Ba Bahaushe kaɗai ya ɗauki lamarin a karkace ba. Aristotal, masanin Girka da ya rayu fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya koyar da cewa namiji ne ke ba da siffa, mace kuwa abin da za a siffanta kawai take bayarwa, kuma Turai ta daɗe a kan wannan. A 1677 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya duba maniyyi da madubin da ya wasa da hannunsa, ya ga ƙananan halittu masu wutsiya suna iyo. Wasu masanan zamanin suka ɗauka cikakken ɗan mutum ne a dunƙule cikin kan kowace, har aka zana hotonsa. Sai a 1827 Karl Ernst von Baer ya gano ƙwan dabba mai shayarwa, a jikin karya, sannan a 1876 Oscar Hertwig ya ga da idonsa yadda ƙwayar namiji ke haɗewa da ƙwan mace, a jikin wata halittar teku mai ƙayoyi. Wajen shekara 150 ke nan kacal.

A cikin marar mace, dama da hagun mahaifa, akwai wasu gaɓoɓi biyu, kowace tsawonta bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. Su ne ma'ajiyar ƙwai, rumbunta ke nan. Rumbu ne da ake cikawa sau ɗaya tak. Jaririya mai wata biyar a cikin uwarta tana ɗauke da ƙwai miliyan 6 zuwa 7. Ranar da ta faɗo duniya sun ragu zuwa miliyan 1 ko 2, kafin ta balaga kuma saura tsakanin 300,000 da 400,000. Daga cikin wannan tarin, waɗanda za su nuna su fito a tsawon rayuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Sauran duk sukan shanye a ciki. Nakan daɗe ina juya wannan a raina: ƙwan da aka yi kowannenmu da shi an halicce shi ne lokacin da mahaifiyarsa take cikin kakarsa. Kuma kamar yadda irin da ya daɗe a rumbu tsironsa ke raguwa, haka ƙwan mace yake. Daga shekara 35 samun ciki na ƙara wuya, ɓari na ƙara yawa, har zuwa tsakanin 45 da 55 lokacin da rumbun ke ƙarewa al'ada ta ɗauke.

Ita mahaifa kuwa, gonar kanta, tsoka ce mai kauri da tsawonta bai wuce santimita 7 zuwa 8 ba, tana zaune tsakanin mafitsara a gaba da hanjin bayan gida a baya. Ƙasanta ya tsuke ya zama bakin mahaifa, wanda ya leƙo cikin farji. Daga kafaɗunta biyu wasu bututu sun miƙa zuwa ma'ajiyar ƙwai, kowane kimanin santimita 10, bakinsa a buɗe da wasu 'yan yatsu masu laushi. Hanyar fitsari dabam take, da ƙofarta dabam, a gaban hanyar haihuwa. 'Yan mata da yawa ana kai su ɗakin miji ba wanda ya taɓa gaya musu wannan, alhali jikinsu ne.

Gonar manomi damina ɗaya take gani a shekara. Wannan kuwa kowane wata ana gyara ta daga farko, kuma umarnin gyaran daga ƙwaƙwalwa yake saukowa. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar gaɓa da ke zuba sinadaran homon cikin jini. Na farko, wanda likitoci ke kira FSH, yana isa ma'ajiyar ƙwai ya tayar da 'yan ƙwai kaɗan, kowane a cikin jakarsa ta ruwa. Ɗaya ya fi sauran girma, jakarsa tana fitar da sinadarin istirojin, shi kuma ya sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi kauri ta cika da jijiyoyin jini. Huɗa da zuba taki ke nan. Da istirojin ya kai matuƙa, sai ƙwaƙwalwa ta sako na biyu, LH, a lokaci guda da yawa. Cikin kwana ɗaya da rabi jakar ta fashe, ƙwai ya fito, 'yan yatsun bututu su share shi ciki. Girmansa kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Jakar da ya bari ba ta zama a banza: takan rikiɗe ta riƙa fitar da furojestaron, wanda ke riƙe shimfiɗar da laima da abinci, tana jiran shuka. In mako biyu ya wuce babu labari, jakar ta bushe, furojestaron ya faɗi, shimfiɗar ta saki ta zubo. Wannan ita ce haila, sharar gona domin damina ta gaba.

Saboda haka jinin al'ada ba dattin jiki ba ne da ya taru, kuma yawansa ba shi ne alamar lafiya ba. Galibi abin da mace ke zubarwa a wata bai wuce babban cokali 2 zuwa 3 ba, cikin kwana 2 zuwa 7. Wadda take jiƙe ƙunzugu duk sa'a ɗaya, ko take zubar da gudaji manya-manya, ta je a duba ta, domin sau da yawa ƙari ne a mahaifa, kuma ƙarancin jini na biye da shi. Ciwon marar da ke zuwa a kwanakin farko kuma matsawar tsokar mahaifa ce tana turo abin da ya saki.

Akwai lissafi ɗaya da ke rikita ma'aurata. An saba jin cewa ƙwai na fita ne a rana ta 14. Wannan gaskiya ne ga wadda zagayenta kwana 28 ne kawai, alhali duk abin da ke tsakanin kwana 21 da 35 lafiya ne. Abin da bai cika canzawa ba shi ne mako biyun da ke tsakanin fitar ƙwai da zuwan jini na gaba. Mai kwana 35 ƙwanta na fita ne wajen rana ta 21, mai kwana 24 kuma wajen rana ta 10. Jiki ma yana ba da alama, kamar yadda iskar bazara ke shaida wa manomi ruwa ya kusa: a kwanakin nan bakin mahaifa na fitar da wani ruwa garai mai yauƙi, wanda in aka ja shi tsakanin yatsu yana miƙewa bai tsinke ba. Mata da dama suna ɗaukarsa ciwon sanyi ne, su dinga shan magani suna tsarki da jiƙe-jiƙe, alhali shi ne ruwan da ke buɗe wa ƙwayoyin namiji hanya. Na cuta yakan zo da wari, ko ƙaiƙayi, ko sauyin launi.

Shi namiji ba shi da rumbu. Nomansa ba ya tsayawa, rani da damina, daga balaga har tsufa. 'Ya'yan maraina biyu suna cike da siraran bututu a nannaɗe, inda ake ƙera ƙwayoyin haihuwa miliyoyi masu yawa a kowace rana. Tsakanin bututun kuma akwai wurin da ke fitar da testostaron, mai sa murya ta buɗe, gemu ya fito, sha'awa ta motsa. An rataye maraina a waje ne saboda aikin ba ya son zafi: sai sun fi sauran jiki sanyi da digiri 2 zuwa 3. Shi ya sa fatar ke tattarewa da hunturu ta jawo su kusa, ta saki da zafi. Kuma shi ya sa ungozoma ko kakar da ke wankan jariri ya kamata ta lalluba ta tabbata duka biyun sun sauko. Wanda ya maƙale a ciki, in ba a yi aikin sauko da shi tun yaron bai wuce shekara ɗaya da rabi ba, zafin ciki na iya lalata shi.

Ƙwaya ɗaya tana ɗaukar wajen kwana 70 kafin ta kammalu, kusan kwanakin da gero mai saurin nuna ke yi daga shuka zuwa girbi. Daga nan ta shiga wani bututu da ke manne a bayan maraina, wanda in da za a warware shi zai kai mita 6, a can take koyon iyo. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, zazzaɓi mai zafi da ya kwantar da mutum yau, sai bayan wata biyu ko uku tabonsa zai bayyana a maniyyinsa, kamar yadda farin da ya faɗa tsakiyar damina sai da kaka ake ganin ɓarnarsa.

A nan akwai abin da nake so kowane magidanci ya sani. Ruwan maniyyi da ake gani, mafi yawansa ba daga maraina yake ba. Kusan kashi biyu cikin uku daga wasu jakunkuna biyu ne da ke bayan mafitsara, ruwa mai sukari wanda shi ne guzurin ƙwayoyin. Kusan duk sauran daga furostet ne, gaɓar da ta kewaye hanyar fitsari a ƙarƙashin mafitsara. Su ƙwayoyin kansu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Don haka mutum na iya zama lafiyayye, mai ƙarfi, mai biya wa iyalinsa buƙata, maniyyinsa mai kauri da yawa, amma babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Wa bai taɓa ganin dawa ta yi tsawo ta yi kore shar, an zo girbi zangarniya ba tsaba ba? Ƙarfin namiji dabam, haihuwa dabam, kuma ido ba ya rarrabewa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ma'aunin da ta fitar a 2021, ta sa ƙasan iyaka a ƙwayoyi miliyan 16 cikin kowace mililita, kuma sai da madubin ɗakin gwaji ake ƙirga su.

Me ya sa ake buƙatar miliyoyi alhali ɗaya ce za ta yi aikin? Saboda asarar hanya. Farji wuri ne mai tsami, wanda ke kare mace daga cuta, kuma wannan tsamin yana kashe da yawa. Wasu su maƙale a bakin mahaifa, wasu su bi bututun da babu ƙwai a cikinsa a wannan watan. Waɗanda ke isa kusa da ƙwai 'yan ɗaruruwa ne. Manoman arewa sun san binne, wato a rufe iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, ya zauna yana jira. Ƙwayoyin namiji ma suna iya irin wannan jiran har kwana 5 a jikin mace. Shi ƙwai kuwa ba ya jira: in ya fito, sa'a 12 zuwa 24 gare shi. Ke nan kwanakin samun ciki a wata wajen 6 ne, biyar kafin fitar ƙwai da ranar kanta, kuma wanda ya riga zuwa ya fi wanda ya makara rabo.

Haɗuwar ba a mahaifa take faruwa ba, a cikin bututu ne, can kusa da bakinsa. Ƙwaya ɗaya ta huda ɓawon ƙwai ta shige, nan take ɓawon ya sauya ya ƙi karɓar wata. Kowane ɓangare ya zo da ƙunshin gado 23, waɗanda ake kira kuromozom, suka haɗu 46. Rabi da rabi, ba wanda ya fi wani. In ma za a yi ƙididdiga, uwa ce ke da ƙari, domin 'yan injinan da ke samar wa kowace ƙwayar jiki ƙarfi daga ƙwanta kaɗai ake gadonsu. Cikin waɗannan 23 akwai guda ɗaya mai yanke hukuncin jinsi. Na ƙwan mace kullum X ne. Ƙwayoyin namiji ne suka rabu biyu, rabi masu X rabi masu Y: in mai X ta riga shiga a haifi mace, in mai Y ce a haifi namiji. Wata masaniya Ba'amurkiya, Nettie Stevens, ta gano wannan tsarin tun 1905 a jikin wasu ƙwari. Babu abin da mace za ta ci ko ta sha ya sauya shi. Shi ma mijin ba zaɓa yake yi ba, rabo ne daga Allah, kuma a duniya baki ɗaya wajen maza 105 ake haifa a kan kowane mata 100. Amma matar da ake yi wa gori ko kishiya saboda ta haifi mata, ana tuhumarta ne a kan abin da ko kusa bai ratsa ta hannunta ba. Tagwaye ne ma suka fi jingina da ita: Hassan da Usaina da ba sa kama, ƙwai biyu ne suka fito a wata ɗaya, masu kama kuwa ƙwai ɗaya ne ya rabu.

Yanzu ne aka samu iri na gaskiya, kuma yanzu ne misalin gona ya zauna daidai. Wasu 'yan gashi da ke cikin bututu suna tura shi sannu a hankali, yana tafe yana rabuwa biyu, huɗu, takwas, ya isa mahaifa cikin kwana 3 zuwa 4, tsakanin kwana 6 da 10 kuma ya nutse cikin shimfiɗar da aka tanada. In bututun yana da tabo, irin na iya maƙalewa ya tsiro a hanya. Wannan na faruwa ga ciki 1 zuwa 2 cikin 100, kuma yana kisa, domin bututun kan fashe jini ya zuba a ciki. Matar da ta yi ɓatan wata sannan ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ga jiri, ko ɗigon jini, ba ta jiran gari ya waye.

Saiwa daga iri take fita, ba daga ƙasa ba. Haka mabiyiya: daga jikin ɗan tayin take tsirowa, ta kafa rassanta cikin bangon mahaifa. Ita ce ke fitar da sinadarin da ke hana jakar nan da ƙwai ya bari bushewa, don kada a share gonar da shuka a ciki, kuma shi ne tsinken gwajin ciki ke gani a fitsari. Jinin uwa da na ɗa ba sa gaurayuwa. Suna gogar juna ne ta bayan wani siririn shamaki, abinci da iska su ƙetara, datti ya komo, cibiya mai tsawon kusan rabin mita tana kai da kawowa. Sai dai shamakin ba ya tare komai. Magunguna da yawa da gubar taba suna wucewa, ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro kuma suna son taruwa a mabiyiya su tauye girman jariri, dalilin da ya sa ake ba masu awo maganin rigakafinsa. Kuma ba duk shuka ke tsayawa ba. Cikin kowane ciki 10 da aka san da shi, 1 zuwa 2 na zubewa, galibi a wata ukun farko, kuma kusan rabin waɗannan kuskure ne a ƙunshin gadon tun ranar haɗuwa. Ba daka ba ce, ba ɗaukar tulu ba ne, ba sakacin uwa ba ne.

Amma ƙasa ba ta jin ciwo, kuma a nan misalin ya sake kasawa. Mai ciki jininta na ƙaruwa da kusan rabi, zuciyarta na aiki fiye da kima, ɗan yana ɗibar ƙarfen jininta ko tana da shi ko babu. Mahaifar da ba ta kai giram 100 ba tana kaiwa kusan kilo ɗaya a mako na 40. Ranar naƙuda sai bakinta ya buɗe santimita 10, kan ɗa ya bi ta cikin zoben ƙashin ƙugu. Wannan zoben yana ci gaba da faɗaɗa shekaru bayan yarinya ta fara al'ada, don haka ganin jini bai nuna hanya ta isa ba. In kai ya tokare, naƙuda ta yi kwanaki, yakan danne naman da ke tsakanin farji da mafitsara a jikin ƙashi har naman ya mutu ya ɓule. Yoyon fitsari ke nan. Asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda likitan Holan Kees Waaldijk ya fara ɗinke irin waɗannan mata tun shekarun 1980, ya ga dubbansu. Yankan gishiri ma, da ake yi da niyyar buɗe hanya, mafitsarar yake iya hudawa, tun da tsakaninsu ɗan bango ne siriri.

Bayan haihuwa mahaifa na komawa girmanta cikin mako 6, wanda ya yi daidai da arba'in ɗinmu. Tsotson jariri yana sa ƙwaƙwalwa ta dakatar da fitar ƙwai, gona ta zama saura ta huta. Amma wannan kariyar tana da ƙarfi ne kawai in nono zalla ake bayarwa dare da rana, jariri bai wuce wata 6 ba, al'ada kuma ba ta dawo ba. Tun da ƙwai na riga jini fitowa, mace na iya yin kwanika ba ta ko ga al'adar farko ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a bar wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, abin da kakanninmu masu yaye a shekara biyu suke yi tun da can.

To, idan ba a samu ba fa? Ma'aurata wajen 85 cikin 100 suna samun ciki a shekarar farko. In shekara ta cika babu, ko wata 6 ga matar da ta haura 35, lokacin bincike ya yi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 1 cikin 6 yana fuskantar wannan a wani lokaci na rayuwarsa, ƙasashen masu kuɗi da na talakawa kusan duk ɗaya. Kuma a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, akwai hannun namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. A wajen mace, a ƙasashenmu, abin da ya fi yawa toshewar bututu ne bayan ciwon sanyi, ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓarin da ba a kula da shi ba. Ciwon sanyin ma sau da yawa mijin ne ya kawo shi gida. Sai rikicewar homon da ke hana ƙwai fita, wanda sau da yawa magani na gyara shi. A wajen namiji kuwa akwai kumburin jijiyoyin maraina, da hangum da ya kama shi bayan balaga ya sauka ƙasa, da shi ciwon sanyin da ke toshe tasa hanyar, da taba. Allurar testostaron da wasu ke yi don ƙarin kuzari ma tana tsayar da ƙera ƙwayoyi. Wanda ya taɓa haihuwa shekara goma da suka wuce bai da tabbacin yau haka yake.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake jera matakan. Mace ce ke zagaya masu magani, ta sha saiwoyi, ta yi matsi, a ɗauki hoton bututunta da ruwan da ake ɗura mata mai ciwo. In an gaji, sai a ba maigida shawarar ya ƙara aure a gani. Amarya ta zo ita ma ta shekara biyu shiru, sannan a fara tunanin ko dai. A duk tsawon wannan lokacin rumbun uwargida yana ta raguwa, kuma shekarun nan ba sa dawowa. Alhali gwajin namiji shi ne mafi sauƙi da araha a duk binciken, babu allura babu yanka. Zai ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a kwalba mai tsabta, a duba shi cikin sa'a ɗaya, a ƙirga yawan ƙwayoyin, a ga motsinsu da siffarsu. In sakamakon bai yi kyau ba, likita ba ya yanke hukunci a kansa. Yakan tambayi ciwon da aka yi a 'yan watannin baya da magungunan da ake sha, ya duba maraina, sannan ya ce a dawo bayan wata uku a sake, lokacin da sababbin ƙwayoyi suka kammalu.